Duwatsun Ikom da fitowar rana: awon da ke jiran ofisoshin Abuja

Duk ma'aikacin da ke shigowa tsakiyar Abuja da sassafe daga Lugbe ko Kubwa, rana a idonsa take, kuma in ya shekara yana bin hanyar zai lura cewa ba ta da mafita guda. A watan Yuni tana ɓullowa ta arewa maso gabas. Daga nan sai ta riƙa gusawa kullum kaɗan-kaɗan har Disamba, lokacin da take fitowa ta kudu maso gabas, in hazon hunturu ya bari a gan ta. A can sai ta yi 'yan kwanaki kamar mai shawara, sannan ta juya ta koma inda ta fito. A sararin Abuja tazarar da ke tsakanin iyakokin biyu ta kusa digiri 48, wato ta ɗan haura rabin kusurwar ɗaki.

Kalandar bango da ta waya sun ɗauke wa mutanen yau nauyin lura da wannan tafiya. Waɗanda suka rayu kafin takarda ba su samu wannan hutu ba, kuma a wurare da dama na duniya sun bar shaida: sun kafa duwatsu a tsaye, suka saita su yadda rana za ta fito daidai kansu a wata rana sananniya. Najeriya ma tana da duwatsun tsaye, ɗaruruwansu, a ƙasar Bakor da ke ƙananan hukumomin Ikom da Ogoja a Jihar Kuros Riba, kuma an daɗe ana raɗe-raɗin cewa suna da alaƙa da lissafin kwanaki. Duwatsun suna can cikin gonaki da dazuzzuka, amma ikon bincikensu yana Abuja, domin a nan ne hedikwatar Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wato NCMM, wadda dokar 1979 ta ɗora wa amanarsu. Tambayar kuma tana da wa'adi. Shaidarta tana cikin inda dutse yake tsaye da inda ya fuskanta, ranar da aka gusar da shi kuwa shaidar ta tafi, ko da shi dutsen bai samu ko ƙwarzane ba.

Inda magana ta tabbata

Wurin da kowa ke fara ambata shi ne Stonehenge a kudancin Ingila, inda aka kafa manyan duwatsun wajen shekara 2500 kafin Miladiyya. Tun a 1740 William Stukeley ya wallafa cewa layin tsakiyar ginin yana kallon inda rana ke fitowa a tsakiyar bazararsu, wajen 21 ga Yuni. In mutum ya juya baya a kan layin nan, yana kallon inda take faɗuwa wajen 21 ga Disamba, kuma ƙasusuwan aladun da aka tono a Durrington Walls da ke kusa sun nuna cewa an yi manyan bukukuwa a tsakiyar sanyi. A Newgrange da ke ƙasar Ailan, kabarin dutse mai kimanin shekara 5,200, akwai wata 'yar taga a saman ƙofa. Farfesa Michael O'Kelly ya shiga ciki ranar 21 ga Disamba, 1967, ya ga haske ya bi ta tagar, ya ratsa lungu mai tsawon mita 19, ya haskaka ɗakin ƙarshe na kusan minti 17. Irin wannan ba ya buƙatar doguwar muhawara.

Afirka tana da wanda ya girme su duka. A Nabta Playa, cikin hamadar kudancin Masar, kimanin kilomita 100 yamma da Abu Simbel, ayarin masu tonon tarihi ƙarƙashin Fred Wendorf ya gano matsugunan makiyaya a shekarun 1970. A lokacin da suka rayu Sahara tana da ruwa da ciyawa. Zamanin ne na kwalekwalen Dufuna mai kimanin shekara 8,000, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya a inda yake Jihar Yobe a yau. Makiyayan Nabta suna zuwa bakin wani tafki da ruwan damina ke cikawa. Sun binne saniya sukutum a rami mai rufi, kamar yadda ake binne mai daraja, sun kuma jera ƙananan duwatsu a da'irar da faɗinta bai wuce mita huɗu ba, da ƙofofi huɗu masu kallon juna biyu-biyu. A 1998 masanin taurari McKim Malville da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature cewa layi ɗaya yana bin arewa da kudu, ɗayan kuma yana kallon fitowar rana ta ƙarshen Yuni, lokacin da ruwan sama ke isowa yankin, shekara kusan 7,000 da suka shige. Akwai masanan da ke ganin da'irar ta yi ƙanƙanta, ƙofofinta kuma sun yi faɗi da za a kira ta na'urar awo. Duk da haka dalilin da aka kawo ya shiga hankali: makiyayin da rayuwar garkensa ta rataya a kan ruwa yana da bukatar sanin lokacin zuwansa.

Ƙarshen labarin Nabta shi ya fi shafar Najeriya. Bayan sunan wurin ya bazu, baƙi suka riƙa shiga ba izini suna jujjuya duwatsun, har hukumomin Masar suka kwashe da'irar a 2008 suka kai ta Gidan Tarihin Nubiya da ke Aswan. Duwatsun sun tsira. Wanda ke son sake auna saitinsu kuwa, sai dai ya dogara da taswira da hotunan da aka ɗauka tun suna wurinsu. An yi sa'a akwai su.

Alƙiblar Abuja da tarkon dace

Kafin a yi murna da kowace da'awa ta saiti, akwai misali a cikin Abuja kanta da ya kamata ya sanyaya gwiwar mai gaggawa. Alƙibla daga Abuja tana wajen digiri 65 in an ƙirga daga arewa zuwa gabas. Rana kuma a ƙarshen tafiyarta ta arewa, wajen 21 ga Yuni, tana fitowa a digiri 66. Ke nan duk masallacin da aka saita daidai a birnin, tun daga Masallacin Ƙasa har na unguwa, mihirabinsa yana kusan kallon fitowar ranar Yuni, da bambancin da bai kai digiri biyu ba. A ce bayan shekara dubu uku wani mai bincike ya tono harsashin masallatan nan, ba shi da littafi ko ɗaya, ya auna ɗari daga cikinsu ya ga duk wuri ɗaya suke kallo. Alƙaluman da zai samu daidai ne. Hukuncin da zai yanke, cewa mutanen Abuja sun gina wuraren ibadarsu don tarbar rana, kuskure ne tsantsa, domin Makka suke kallo, kuma lokacin ɓullowar rana ma yana cikin lokutan da aka hana salla. Harshen Hausa kansa zai ƙara rikita shi, tunda Bahaushe kan ce ya fuskanci gabas alhali alƙibla yake nufi.

Haka ma tsakiyar birnin. Masu tsara Abuja sun miƙe babban layinta ya nufi Dutsen Aso, domin dutsen ne abin da ya fi cika ido a wurin. Mutane suna saita gini da tsauni, ko da kogi, ko da hanya, ko da kabarin kaka, ko da gari mai tsarki da ke nesa. Rana ɗaya ce kawai daga cikin dalilai.

Lissafi ma yana da nasa gargaɗin. Duwatsu goma a da'ira suna ba da layuka 45 in an haɗa kowanne da kowanne, kowane layi kuma ana iya kallonsa ta fuska biyu, ya zama 90. In an raba su a kewayen digiri 360, kusan kowane digiri huɗu akwai layi. Mai neman fitowa ko faɗuwar rana ta Yuni, ta Disamba, ko ta ranakun da dare da yini ke daidaita, da wuya ya koma hannu rabbana, ko da yara ne suka watsa duwatsun. A kan haka ne aka soki Gerald Hawkins, wanda a shekarun 1960 ya saka layukan Stonehenge cikin kwamfuta ya fito da cewa ginin na'urar hasashen husufi ce. Saitin Yuni da Disamba ya tsaya har yau, sauran da'awar kuwa masana ba su karɓe ta ba.

A Kenya an ga wani nau'in tarkon. A Namoratunga, kusa da Kalokol a yammacin Tafkin Turkana, akwai ginshiƙai 19 na baƙin dutsen aman wuta. A 1978 Mark Lynch da Lawrence Robbins suka wallafa a mujallar Science cewa suna nuna mafitar taurarin da Borana ke lissafin kalandarsu da su, suka kuma ɗora wurin a wajen shekara 300 kafin Miladiyya. A 1982 Robert Soper ya sake awo ya samu kusurwoyi daban. Irin wannan dutse yana ɗauke da ƙarfe, ƙarfen kuma yana jan allurar kamfas. Daga baya gwajin kabon ya nuna cewa wuraren ginshiƙai na yankin Turkana sun haura shekara 4,000, kuma maƙabartun makiyaya ne. Canjin shekaru babbar matsala ce ga mai da'awar taurari, saboda mafitarsu tana gusawa sosai cikin dubban shekaru. Ta rana ba ta gusa ko digiri ɗaya ba a wannan yanki tun zamanin Nabta, shi ya sa da'awar rana ta fi sauƙin gwadawa.

Mafi yawan duwatsun Ikom irin wannan baƙin dutse ne. Duk wanda ya je musu da kamfas na aljihu ko na waya, ya shirya maimaita kuskuren Namoratunga.

Akwanshi

Mutanen Nta da Nselle suna kiran duwatsun akwanshi, kalmar da aka fassara da mamacin da ke cikin ƙasa. Wasu dangogin Bakor kuma suna cewa atal. Tsayinsu yana kamawa daga ƙasa da rabin mita zuwa kusan tsayin mutum. An sassaƙa musu fuska, da gemu, da tsagen gado, da wata babbar cibiya da ta fito waje, da zane-zane masu lanƙwasa. Galibi a da'ira ake samun su, cikakkiya ko ɓallatacciya, suna kallon ciki, sau da yawa a kufan tsofaffin ƙauyuka. Wani jami'in mulkin mallaka, Charles Partridge, ya ba da labarinsu a littafinsa na 1905. Aikin da har yau ake komawa gare shi kuwa na Philip Allison ne, ma'aikacin gandun daji da Sashen Kayan Tarihi ya tura a 1961 da 1962. Ya rubuta bayanin duwatsu sassaƙaƙƙu 295, ya ɗauki hotuna, littafinsa ya fito a 1968.

Shekarunsu abin jayayya ne. Allison ya bi jerin sunayen sarakunan Nta ya ƙiyasta cewa an fara sassaƙa su wajen ƙarni na 16. Ekpo Eyo, shugaban NCMM na farko, ya yi tono ya samu gwajin kabon da ya kai wajen shekara ta 200 Miladiyya. Tazarar ta fi shekara dubu, kuma gawayin da ke cikin ƙasa ba lallai ba ne ya zama sa'an dutsen da ke kansa. Zane-zanen ma sun jawo fassarori. Marigayiya Farfesa Catherine Acholonu, wadda ta taɓa zama mai taimaka wa Shugaba Obasanjo kan al'adu, ta fitar da littafi a 2005 tana cewa rubutu ne na farkon ɗan'adam. Masu tonon tarihi ba su bi ta a kan haka ba, ko da yake ta taimaka wajen jawo hankalin jama'a ga duwatsun.

Abin da masu duwatsun ke faɗa da bakinsu ya fi karkata ga kakanni. A lokacin bikin sabuwar doya ana shafa musu launi, a ba su sakwara da manja, a roƙi albarka. Wannan ba ya kore maganar rana. A Stonehenge ma, ɗaya daga cikin fassarorin da suka fi tasiri ta fito ne daga Afirka: masanin Madagaska Ramilisonina ya ziyarci wurin tare da Mike Parker Pearson, ya ce a ƙasarsu dutse na matattu ne, itace na rayayyu, kuma su biyun suka wallafa wannan ra'ayi a 1998. Ginin kakanni yana iya kallon rana. A da'irorin dutsen marmara na Sanagal da Gambiya, waɗanda UNESCO ta saka cikin Kayan Tarihin Duniya a 2006, akwai kaburbura a ciki, sannan akwai duwatsun gaba da aka saba kafawa a gefen gabas na da'irar. Abin da ya ba wannan nauyi shi ne maimaituwa: wuri bayan wuri, a Wassu da Wanar da Sine Ngayène, gefe ɗaya ake samun su. Irin tambayar da ya kamata a yi wa Ikom ke nan. Shin gibin da'irorin yana kallon fuska ɗaya a wurare da yawa? Shin dutse mafi girma yana da gurbi sananne? In babu tsari, wannan ma amsa ce, kuma ba ta rage wa duwatsun daraja.

Matsalar ita ce abin da za a auna yana raguwa. Lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 da shekarun da suka biyo baya, an sace da yawa aka fitar da su ta kan iyakar Kamaru zuwa kasuwannin Turai da Amurka. Wasu sare su aka yi don sauƙin ɗauka. Rabin sama na wani yana Gidan Tarihi na Metropolitan a New York, masu bincike kuma sun tarar da rabinsa na ƙasa a ƙasar Bakor. A 2023 Gidan Tarihi na Chrysler da ke jihar Virginia ya mayar wa Najeriya guda ɗaya, bayan an gane shi a hoton da Allison ya ɗauka a 1961. Abin farin ciki ne, kuma NCMM ta cancanci yabo a kan fafutukar dawo da kayan tarihi. Sai dai dutsen da ya dawo ta jirgi ya dawo da fuskarsa da cibiyarsa, bai dawo da saitinsa ba.

Waɗanda suka rage kuma wuta ce babbar abokiyar gabarsu. Ana share gona da ƙona ciyawa a rani, zafin ya tsattsage dutsen, fuskar ta ɓare. Manomin da ke faɗaɗa gonar rogo ko doya ba mugunta yake yi ba, abinci yake nema, kuma dutsen da ya tare masa kunya yana iya turawa gefe. Akwai kuma ɓarnar da ke zuwa da kyakkyawar niyya: a ga dutse ya faɗi a tayar da shi yadda ya fi kyau a hoto, ko a tattaro na daji a jera su kusa da hanya don baƙi. A Stonehenge an miƙar da duwatsu an kuma zuba musu kankare a 1901, da wajen 1920, da 1958, da 1964, amma akwai takardun abin da aka taɓa, don haka mai bincike ya san wanda zai amince da shi.

Rana a digiri tara

Akwai kuma haɗarin ɗauko ma'aunin Ingila a ɗora wa Najeriya. A Stonehenge, digiri 51 arewa da layin tsakiyar duniya, mafitar rana tana yawo kusan digiri 80 a shekara, yini kuma yana kaiwa awa 16 da ɗoriya a Yuni, ya faɗo ƙasa da awa takwas a Disamba. Ga mutanen can, juyawar rana a Disamba albishir ne cewa duhu da sanyi sun fara ja da baya. A Abuja, digiri tara, bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta kusan awa ɗaya ne kacal. Manomin Gwagwalada ko na Ogoja ba tsawon yini ne ke hana shi barci ba. Ruwa ne.

Ƙasashen da ke tsakanin layukan zafi biyu suna da wata alama da Ingila ba ta taɓa gani ba: ranar da rana ke tsayawa tsakar ka, sandar da aka kafa a miƙe ta rasa inuwa da tsakar rana. A Abuja hakan na faruwa sau biyu, wajen 13 ga Afrilu da wajen 30 ga Agusta. Ta Afrilu tana zuwa ne daidai lokacin da hadari ke fara haɗuwa a Babban Birnin Tarayya. A Ikom, digiri shida, ranakun suna faɗowa wajen 5 ga Afrilu da 7 ga Satumba. Dutsen da ke tsaye a fili, ko a tsakiyar daji inda itatuwa suka rufe gefen sama, ya isa nuna wannan, ba a buƙatar ganin inda rana ta fito. A Xochicalco ta ƙasar Meziko an haƙa rami a rufin wani kogo domin hasken irin wannan rana ya sauka ciki. Mai karatu zai lura cewa 7 ga Satumba ba ta da nisa da lokacin bikin sabuwar doya, kuma a nan ne ya kamata ya tuna da alƙiblar Abuja: doya tana nuna ne saboda ruwan da ta sha, kusancin kwanakin kaɗai bai zama hujja ba.

Ƙasar Hausa ta riƙe nata lissafin ba tare da kafa dutse ba. Manoma sun san Kaza da 'ya'yanta, matafiya sun san Gamzaki, kowa ya san Zara matar wata. Malaman hisabi suna raba shekara gida 28 na taurari, kowanne kwana 13, bakwai ga kowane yanayi, da haka suke faɗin lokacin shuka da na ɗaukewar ruwa tun kafin hukumar NiMet ta fara fitar da hasashen damina daga Abuja a farkon kowace shekara. Har gobe akwai masu gyara alƙibla da rana: a ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, rana tana tsakar kan Ka'aba, don haka duk wanda ya fuskance ta a wannan minti ya fuskanci Makka. Ilmin lura da sama ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Mafi yawansa a ka yake da kuma a baki, shi ya sa dattijon Alok da ya san ranar da ake ciyar da duwatsu da wanda ke tsayar da ita, shaida ne da darajarsa ba ta gaza ta na'ura ba, kuma shi ma yana da wa'adi.

Wannan ba ya nufin kalandar mafitar rana ba ta yiwuwa a ƙasar zafi. Chankillo a ƙasar Peru yana digiri tara da rabi kudu da layin tsakiyar duniya, kusan daidai nisan Abuja ta arewa. Hasumiyoyi 13 ne a jere a kan tudu cikin hamada, masu shekara sama da 2,200. In an tsaya a wurin kallo, jerinsu ya cika tazarar tafiyar rana daga iyakar Yuni zuwa ta Disamba. Ivan Ghezzi da Clive Ruggles suka wallafa awonsu a 2007, UNESCO kuma ta saka wurin cikin Kayan Tarihin Duniya a 2021. A wannan shekara ta 2007 ne Najeriya ta saka duwatsun Alok na Ikom cikin jerin wuraren da take shirin gabatar wa UNESCO. Shekara guda bayan haka Asusun Wuraren Tarihi na Duniya ya lissafa su cikin waɗanda ke cikin haɗari. Sukur ta Adamawa ta shiga jerin duniya tun 1999, kurmin Osun na Osogbo a 2005, Ikom kuwa tana layin jira.

Kayan aikin duk suna gari ɗaya

Aikin da ake buƙata ba na gina katafaren ɗaki ba ne. Safiyo ne zai je da na'urar auna kusurwa da mai karɓar saƙon tauraron ɗan'adam, ya rubuta gurbin kowane dutse da fuskarsa, ya samo arewa ta gaskiya daga rana ko taurari maimakon maganaɗisu, ya auna tsayin tudu da itatuwan da ke gefen sama. A nan ƙasar zafi ta yi wa mai awo rangwame: rana tana hawa kusan a miƙe, don haka tsauni kamar Aso yana jinkirta ganinta amma ba ya gusar da mafitarta sosai, saɓanin Turai inda take hawa a karkace. Mai tonon tarihi kuma zai duba gindin dutse ya ga ko yana cikin raminsa na asali. Da waɗannan alƙaluma, masanin taurari yana iya yin lissafinsa a ofis, ba sai ya jira gajimaren Yuni ko hazon Disamba sun yaye ba.

Ba daga tushe za a fara ba. Tun 2016 gidauniyar Factum, tare da NCMM da Jami'ar Kalaba da wata ƙungiyar kare zanen duwatsu ta Afirka mai suna TARA, ta riƙa ɗaukar hotunan duwatsun masu fuska uku da taswirar wasu wuraren. Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, NASRDA, wadda aka kafa a 1999, tana Lugbe a kan hanyar filin jirgi, tana kuma da cibiyar ilmin taurari a Nsukka. Daga Jami'ar Najeriya ta Nsukka ne Johnson Urama ya zama ɗaya daga cikin editoci uku na littafin 2008 kan ilmin taurari a al'adun Afirka, wanda ya fito daga taron da aka yi a Gana lokacin husufin rana na 29 ga Maris, 2006. Ofishin Babban Safiyo na Tarayya ma yana Abuja. Kowace daga cikin hukumomin tana ƙarƙashin inuwa daban, da kasafinta da tsarin takardunta, kuma duk wanda ya taɓa bin fayil daga hawa zuwa hawa a Sakatariyar Tarayya ya san cewa tazarar da ke tsakanin tebura biyu tana iya fin ta Abuja zuwa Ikom.

Kafin yarjejeniya ta nuna, akwai abin da wasiƙa ɗaya za ta iya yi: umarni cewa kada a tayar, ko a juya, ko a kwashe wani dutse, ko da don kare shi ne, sai an rubuta gurbinsa da fuskarsa an ɗauki hotonsa da alamar arewa. Hakan ya shafi ɗan kwangilar hanya, da jami'in yawon buɗe ido, da shugaban ƙaramar hukumar da ke son ƙawata wuri kafin ziyarar gwamna. Sannan a share ciyawar da ke kewaye da da'irorin tun kafin ta bushe, aikin da mutanen ƙauyukan suka fi kowa iyawa in an biya su. Ruwa yana ɗaukewa a arewacin Kuros Riba wajen Nuwamba, ƙonar daji kuma tana biyo baya cikin 'yan makonni, kusan lokacin da rana ke isa iyakarta ta kudu a 21 ga Disamba.